Kuɗin Kasuwar Ƙauye, Ina Suke Shiga?

Jama'a, a makon nan zan ajiye zancen taki da iri in taɓo kasuwa, gama manomin da ya noma ya rasa wurin sayarwa na kirki, wahala kawai ya sha.

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya danƙa wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka. A watan Yuli na 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Madalla. Amma hukumar da ta zauna jiran kason Abuja kaɗai, ta tsallake kuɗi a ƙofar gidanta. Ku je karar Maigatari ran Alhamis, ko ta Wudil ran Jumma'a, ku ga yawan dabbobin da ke sake hannu.

Kwanan baya na raka wani manomi wata kasuwa da buhun wake biyar. Aka karɓi kuɗi a bakin hanya, aka karɓa wurin saukewa, aka kuma karɓa da zai fita, ba wanda ya ba shi ko guntuwar takarda. Kuɗin da ba rasidi kuwa, lalle ba baitulmali za su ba. Muna komowa ya ce da ni nan gaba a gida zai sayar wa dillali, ko da araha. Watau hukuma ta yi hasara biyu, kuɗin yau da na gobe.

Don haka ni ban ga dalilin ƙara kuɗin kasuwa ba. A mai da wurin karɓa ɗaya tak. A rubuta abin da za a biya kan buhu, da kan sa, da kan rumfa a allo, da boko da ajami, a kafe a bakin kasuwa. Kowane rasidi da lambarsa, ma'aji ya ƙirga gindinsu kashegari. Sarkin kasuwa da sarkin pawa sun san kowace rumfa da mai ita, a sa su cikin lissafin. A kuma daidaita tiyar awo, don fatake sun fi zuwa inda ba a cutarsu.

Sa'an nan a mayar wa kasuwa wani abu daga abin da ta tara. Ba sai an jira ginin siminti ba. Rijiya, da masai, da magudanar ruwa sun isa farawa, don na sha ganin motar hatsi ta kafe cikin taɓo a watan Agusta, direba ya rantse ba shi ƙara zuwa sai kaka.