SHUKA DA WURI ITA CE MAGANIN DARƁA

Kowace shekara mu kan ji kukan manoma da masu lambu a kan darɓa, watau ƙananan ƙwarin nan da ke manne wa ƙarƙashin ganyen kabeji da kuɓewa da wake da gyaɗa, su tsotse ruwansa har ya nannaɗe. Da yawa su kan ce magani ne ya yi tsada. Mu kuwa a ganinmu laifin ya fi yawa ga lokacin shuka.

Ga dalili. Macen darɓa ba ta bukatar namiji, 'ya'ya ta ke haifa da ransu, su ma kafin kwana 10 sun soma haihuwa. In ganye ya cika, sai masu fiffike su fito, iska ta kai su gonar da ke da ɗanyen tsiro. Saboda haka wanda ya makara, shi ke gadon darɓar maƙwabtansa duka, tun shukarsa ba ta yi ƙwari ba.

Allah kuwa bai bar manomi ba mataimaki ba. Akwai ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi, shi da 'ya'yansa ba su da abinci kamar darɓa. Amma sai darɓa ta riga ta sauka su ke zuwa, ba su kuma kai ta saurin yaɗuwa ba. Shukar wuri ta kan jure har su iso, ta baya kuwa kafin su taru aikin gama ya gama. Wanda kuma ya yi feshi barkatai, da abokin gaba da mataimaki ya ke kashewa, darɓa ce kuwa ke fara komowa.

Kada a manta da shekarar 1975, sa'ad da cutar kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke ɗaukowa, ta cinye wajen hekta 700,000 a Nijeriya ta Arewa. Tun kafin wannan masana aikin gona ke gargaɗi a shuka da ruwan farko, kada a bar tazara mai yawa.

To, akawuna da malaman makaranta, ku ne ku kan jira albashi ko hutu kafin ku shuka, jama'a kuwa ku su ke kallo. Ku tanadi iri tun da rani. Ku shawo kan masu fadama ɗaya su dasa tare. Ku nuna wa yara jan ƙwaron nan a lambun makaranta, su san shi, su bar shi ya yi aikinsa. Rigakafi ya fi magani.