Ra'ayinmu: Wa Zai Rubuta Littafin Lafiyar Illela?

A garin Illela ne hanyar Sakkwato ta ƙare, ta Birnin Ƙonni ta soma. Mutanen da ke gefe biyu na wannan iyaka harshensu ɗaya, kasuwarsu ɗaya, kuma suna auratayya da juna. Amma asibitin wannan gefe da Turanci yake aiki, na wancan gefe kuwa a kan tsarin Faransa aka gina shi. Majinyaci ɗaya yakan fara da wanzami, ya bi ta wurin malam, ya sayi ƙwayoyi a kemis, in abin ya ƙi ya tsallaka zuwa asibitin Galmi a ƙasar Nijar. Duk wanda yake so ya san yadda Bahaushe ke neman magani, to ga makaranta a buɗe. Tambayarmu ita ce: ina ɗalibanta?

Akwai fannin ilimi da ke nazarin al'umma da al'adunta, kuma wani reshensa ya keɓanta ga sha'anin cuta da magani. Mai neman digirin digirgir a wannan reshe ba ɗakin gwaji yake shiga ba. Cikin mutane yake zama, shekara guda ko biyu, yana tambayar sunan da suka ba kowace cuta, da abin da suke jin ya kawo ta, da wanda ke yanke shawarar a kai mara lafiya asibiti ko a bar shi gida.

An riga an yi irin wannan aiki a ƙasar Hausa. Murray Last, wanda ya yi digirinsa a Ibadan kan tarihin Daular Usmaniyya, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi yana nazarin magungunansu. Lewis Wall na Amurka ya yi nasa binciken a wannan yanki, ya sami digiri a Oxford, littafinsa kan maganin Hausawa ya fito a 1988. Daga baya ya zama likitan mata, kuma ƙoƙarinsa ne ya kai ga buɗe asibitin masu yoyon fitsari a Danja, kusa da Maraɗi, a 2012. Elisha Renne ta zauna a Zariya, ta fitar da littafi kan rigimar allurar shan inna a 2010. Mun yaba musu, gama sun yi aiki. Sai dai abin kunya ne a ce littattafan da duniya ta fi sani kan lafiyarmu baƙi ne suka rubuta yawancinsu, alhali Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya bar mana rubuce-rubuce kan magani, har da na ciwon ido.

Kada wani ya ɗauka wannan karatun nishaɗi ne. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da allurar shan inna, Kano ba ta koma ba sai a 2004, kuma kafin a ankara cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga sun rabu da ita. Maganin yana nan, ma'aikata suna nan, amanar jama'a ce babu. Mutane ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a Kano a 1996 ba, kuma suna mamakin yadda ake bin su gida gida da ɗigo kyauta alhali maganin zazzaɓi sai sun saya. Da an saurari waɗannan maganganu tun da wuri, da an rage asara. Sai a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali.

Ga wani misali a ƙofar gidanmu. Tun 1999 akwai asibiti a Sakkwato don cutar nan mai cin fuskar yara, wadda likitoci ke kira noma. To, a bakin Bahaushe noma aikin gona ne. Mutanen karkara da wasu sunaye suke kiranta, irin su ciwon daji. Ma'aikacin da ya shiga ƙauye yana gargaɗi a kan noma, wane ne zai gane nufinsa? Wanda ya sha harshen a nonon uwa shi ya fi cancanta ya warware irin wannan sarƙaƙiya.

Za a ce mana likitoci muke bukata, ba masu yawon tambaya ba. Gaskiya ne muna bukatarsu ƙwarai. Amma likita yana ganin wanda ya iso gabansa ne kawai. Wanda ya tsaya a gida, da wadda mijinta ya hana, da wanda ya tsallaka iyaka da rabin magani a aljihu, duk ba sa cikin rajistarsa. Kuma ɗalibi namiji ba ya shiga gidan kulle, saboda haka tilas 'yan'uwanmu mata su shigo wannan fage, in ba haka ba rabin labarin ba za a ji shi ba.

Don haka muna kira ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, da ta haɗa sashen nazarin zamantakewa da na Hausa da tsangayar likitanci su ɗauki nauyin irin wannan digiri tare, su kuma ƙulla zumunci da jami'o'in Nijar, tun da cuta ba ta nuna fasfo a kan iyaka. Ku kuma matasan ma'aikata da ke ofisoshin lafiya da na ba da tallafin karatu, idan takardar mai neman wannan fanni ta zo teburinku, kada ku tura ta ƙarƙashin fayil. Ɗalibi kuwa, idan ya gama, hakki ne a kansa ya koma wurin waɗanda suka ba shi amanar zancensu, ya faɗa musu abin da ya gano da Hausar da suka yi masa magana. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Allah ya ba mu lafiya, ya kuma ba mu ilimi mai amfani, amin.