Kafin Ka Biya Kuɗin Jirgi

Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a Sidni ta ƙasar Ostiraliya ya bugo waya neman shawara: wane jirgin ruwa zai hau daren ƙarshen shekara don kallon wasan tartsatsin wuta? Damuwarsa tsadar tikiti.

Ni da na tashi tsakanin Tambuwal da Kebbe, tambayata daban ce. Mutum nawa jirgin ke ɗauka? Akwai rigunan kariya? A Afrilun 2022 kwalekwale ya kife da maƙwabtanmu na Gidan Magana a Shagari, aka rasa mutum 29, galibinsu yara.

Ya yi dariya, ya ce, "Malam, nan fa ba gida ba ne." Na ce ko da haka, ya ƙirga rigunan tukuna.