Kada manhaja ta yi alƙawarin hasken da ƙwai ba shi da shi

Duk wanda ya sayi ƙwan lantarki a 'yan shekarun nan ya ga wata lamba a jikin kwalinsa: 2700K, 4000K ko 6500K. Yawancinmu ba ma kallonta, wat nawa ne da nawa ake sayarwa kawai muke tambaya. Alhali ita ce ke faɗin launin hasken. Ku tuna ƙarfe a wutar maƙeri: da fari ya yi ja, zafi na ƙaruwa ya koma ruwan ɗorawa, can ya yi fari. Haka ma'aunin Kelbin, wato harafin K ɗin nan, yake hawa. Kyandir yana wajen 1,900, tsohon ƙwai mai zare 2,700, hasken tsakar rana kuwa kusan 6,500, fari fat da ɗan shuɗi-shuɗi.

Tun da kamfanin Philips ya fito da ƙwan Hue a 2012, ƙwayayen da ake sauya musu launi daga waya suka yawaita. A cikin irin waɗannan, galibi jeri biyu ne na ƙananan fitilu, ɗaya mai ɗorawa-ɗorawa, ɗaya fari, ana rage wannan a ƙara wancan. Don haka kowane ƙwai da iyakarsa. Hue mai farin haske yana tafiya daga 2,200 zuwa 6,500. Trådfri na IKEA ya tsaya a 4,000. Wasu na LIFX sukan fara daga 1,500 su kai 9,000.

Ƙorafina yana kan manhajojin da ke haɗa waɗannan ƙwayaye wuri guda don su riƙa kunna kansu, suna sauya launi bisa lokaci. Sau da yawa manhajar kan nuna wa mai gida ma'aunin da ƙwansa ba zai iya cikawa ba. Ya ja zuwa 6,500, ƙwai ya kafe a 4,000, wayar kuma ta yi gum. Wannan yaudara ce, ko da ba da gangan aka yi ta ba.

Tushen matsalar shi ne ma'auni biyu ake aiki da su. Mutum Kelbin ya sani, shi ne a kwali. Na'urorin kuwa, musamman masu magana ta ƙa'idar sadarwa ta Zigbee da kuma ta Matter da aka ƙaddamar a 2022, da maired suke lissafi, wato miliyan ɗaya a raba da lambar Kelbin. Injiniyoyi suna da hujjarsu, kuma hujja ce mai ƙarfi. Daga 2,000 zuwa 3,000 ido yana ganin sauyi ƙarara, a maired tazarar ta kai 167. Daga 5,500 zuwa 6,500 kuwa da ƙyar za a lura, tazarar 28 ce kacal. Ke nan maired ya fi bin yadda ido ke gani.

Sai dai lissafin a juye yake. Ƙaramar lambar maired ita ce babbar lambar Kelbin, kuma nan ne masu rubuta manhaja kan yi tuntuɓe: a ɗauki ƙarshen ƙasa a ɗora a sama, mutum ya nemi hasken kwanciya a watsa masa na ɗakin tiyata. Ga kuma ɓurɓushin da ake zubarwa wajen rabawa, shi ya sa za ka sa 6,500 manhaja ta dawo maka da 6,535.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zato. Home Assistant, manhajar kyauta da Paulus Schoutsen ya fara a 2013, ta daɗe tana ɗaukar 153 zuwa 500 na maired, iyakar Hue mai launuka, a matsayin iyakar duk ƙwan da bai bayyana tasa ba. Daga ƙarshen 2022 ta fara komawa Kelbin, kuma na yaba. Amma zato zato ne ko da wane ma'auni aka yi shi. Ƙa'idar Zigbee ta tanadi gurbi biyu inda ƙwai zai faɗi iyakarsa ta sama da ta ƙasa. A tambaye shi mana! Masu araha da ke aiki da tsarin Tuya na ƙasar Sin nasu ya fi wuya, don da yawansu daga 0 zuwa 1,000 suke ƙirgawa, ba ruwansu da Kelbin. A nan sai manhaja ta bar mai gida ya shigar da abin da ke jikin kwali da hannunsa.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne, tunda ƙwai zai tsaya a inda ya fi kusa da abin da aka nema. Ban yarda ba. Wanda ya haɗa iri biyu a falo ɗaya zai ga rabi fari, rabi ɗorawa, ya ɗauka ƙwai ya lalace, ya koma yana rigima da mai shago da bai san hawa ba bai san sauka ba. Idan aka haɗa ƙwayaye rukuni guda, kamata ya yi manhaja ta nuna iyakar da dukkansu suka yi tarayya a kai, ko ta faɗi wanda ya gaza. Kuma ba batun ado kaɗai ba ne: haske mai shuɗi da dare yana rage sinadarin melatonin da ke shirya jiki ga barci.

Kai kuma mai saye, kafin ka biya, juya kwalin ka nemi lambobi biyu masu harafin K. In guda ɗaya ka gani, launin farinsa ɗaya ne, babu manhajar da za ta sauya shi.