Mu Duba Halittar Allah: Ƙahon Mala'ika, Ɗan'uwan Zaƙami

Kwanan baya muka aiki yaran makaranta su kawo mana furanni don darasi. Wani ya kawo furen tumatir, wata ta kawo na gauta, wani kuma ya zo da na zaƙami yana murna, wai nasa ya fi kyau. Da muka ce musu ukun nan dangi ɗaya ne, sai suka yi ta dariya. Amma gaskiya ce. Barkono, taba da dankalin Turawa ma duk 'yan gidan ne. Masana suna kiran dangin Solanasiye. Ku duba furensu, galibi za ku ga kunnuwa 5 da suka haɗu a gindi.

A cikin dangin nan akwai wani ƙaramin gida mai iri 7 kaɗai, asalinsa Amurka ta Kudu, yawancinsu a duwatsun Andis, sauran kuwa a Birazil. Turawa suna ce masa ƙahon mala'ika, gama furensa ya yi kama da kakaki. A 1753 masanin nan Linneyas ya haɗa shi da zaƙami. A 1805 wani masani, Persoon, ya raba su, ya sa masa suna Brugmansia don tunawa da wani malamin jami'a na ƙasar Holan. Aka yi ta gardama, sai a 1973 aka tsaya a kan cewa gida biyu ne.

To, ina bambancinsu? Zaƙami ganye ne mai ɗan gajeren rai, furensa yana duban sama, 'ya'yansa kuwa da ƙaya. Ƙahon mala'ika itace ne mai shekaru, yakan wuce tsawon mutum, furensa yana rataye yana duban ƙasa, 'ya'yansa ba ƙaya. Furen wani irin yakan kai inci 20. Yawancinsu da yamma suke ba da ƙanshi, don su jawo malam-buɗe-littafi na dare ya ɗauki ƙurar fure daga wannan zuwa wancan. Jan irin kuwa ba shi da ƙanshi, wani ɗan tsuntsu mai dogon baki ne yake yi masa wannan aiki.

Ga abin mamaki. A 2014 ƙungiyar duniya mai lura da halittu ta lissafa dukan iri 7 ɗin cikin waɗanda suka ƙare a jeji. Sun ragu ne a hannun mutane, masu yanka reshe su dasa. Da haka itacen ya kai lambunan ƙasashe da yawa, har da Afirka. Wannan ya tuna mana aikin da Allah ya ba Adamu na kula da gonar Adnin.

Amma ga abin da ya sa muka kawo zancen. Sunan da daɗi, furen da kyau, duk da haka dafin da ke cikin zaƙami shi ne a cikinsa, daga saiwa har iri. Wanda ya ci, bakinsa yakan bushe, ƙwayar idonsa ta buɗe, jikinsa ya yi zafi, zuciyarsa ta yi ta bugawa, ya riƙa ganin abin da babu. Wani daga nan sai kabari. Likitoci suna aiki da atirofin, ɗaya daga cikin sinadaran nan, amma da awo. Ganye kuwa ba shi da awo, ƙarfin na yau ba na gobe ba ne. Ba banza ba ake ce wa zaƙami haukata-yaro.

Saboda haka, iyaye, mu zaga gida da bayan ɗakin sujada tare da yaranmu, mu nuna musu zaƙami su gane shi. In ya tsiro inda suke wasa, a tumɓuke. Mai fure irin wannan a lambu ya wanke hannu bayan ya taɓa, kada ruwansa ya shiga ido. Samari kuma, kada aboki ya ruɗe ku da cewa ɗan kaɗan ba kome. In yaro ya ci, kada a tsaya jiran ya warware, a kai shi asibiti nan da nan, a riƙe reshen a nuna wa likita.

Allah ya kiyaye mana 'ya'yanmu. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.