Kangon Maƙwabci, Asarar Mai Gida

Sanin kowa ne cewa gida shi ne babban jarin ɗan Arewa mazaunin kurmi. Tun da aka kafa unguwar Sabo ta Badun a 1916, mai gida shi ne mai saukar fatake, shi ke tsaya wa baƙo a cinikin shanu da goro, girmansa kuwa yana tafiya da yawan ɗakunansa. Haka abin yake a Agege da Idi-Araba a Ikko, haka a Sabo ta Shagamu. Abin takaici, wanda ya ratsa irin waɗannan unguwanni da wuya ya rasa ganin gidan da aka yi watsi da shi, kwano ya ci tsatsa ya rufta, ciyawa ta kai ƙugu, alhali kuwa bango ɗaya ne ya raba shi da gidan da wani bawan Allah ya zuba wa gumin shekara talatin.

Wannan bawan Allah shi ke biyan kuɗin sakacin da ba shi ya yi ba. Daminar kurmi doguwa ce, ruwan da ya kwanta a kango kuwa bai san iyaka ba. Yana jiƙa tushen ginin maƙwabci har danshi ya hau bango, siminti ya dinga zubowa. Kwata ta toshe, sauro ya sami gida, ɓeraye da macizai su biyo baya. Daga nan sai mutanen layi su mayar da wurin juji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: 'yan wiwi da ɓarayin tsakar dare su tare a ciki, ranar da 'yan sanda suka kawo samame kuma ba su tantance ɗan kango da ɗan gidan kirki.

Mai neman haya da idonsa yake zuwa. In ya ga haka, ko dai ya juya, ko ya taya ɗakin da arha, magidanci mai iyali kuwa ba ya ko tsayawa. Da yake kuɗin haya shi ne ma'aunin da mai saye ke dubawa, in haya ta faɗi farashin gidan ya faɗi ke nan. Mai ƙiyasta dukiya da banki kan aiko kafin ba da rance shi ma ba ɗakuna kaɗai yake ƙirgawa ba, har unguwa yake dubawa da abin da aka sayar da gidajen kusa. Lalle ita ma gwamnati ba ta tsira daga wannan hali ba, domin bayan da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a 1991, sakatariyar tarayya ta Ikoyi ta yi shekaru masu yawa a yashe. Amma fili a Ikoyi tsadarsa ta isa ta shanye kowace irin asara, talakan Agege kuwa ba shi da wannan gata.

Galibin kangayen unguwannin Hausawa ba talauci ne ya haife su ba, gado ne da aka ƙi rabawa. Mai gida ya rasu, 'ya'ya wasu suna Kano, wasu Sakkwato, ɗakin wannan ba ya ga maciji da ɗakin waccan, kowa ya ƙi sa kwabonsa a gyaran abin da bai zama nasa shi kaɗai ba, kowa kuma ya ƙi yarda a sayar. Ya kamata magada su san jinkirin nan su ma yana cinsu. A jihar Ikko doka ta ba mai fili shekara 12 ya kai ƙarar wanda ya mamaye masa, bayan haka kuwa ƙarar na iya faɗuwa. Masu ƙwacen filaye, waɗanda ɓarnarsu ta sa jihar ta kafa dokar kare kadarori a 2016, gidan da ba mai leƙawa suke nema. Bugu da ƙari, sayar da gidan mamaci yana bukatar takardar izinin kula da dukiyarsa daga babbar kotu, da amincewar gwamna bisa Dokar Filaye ta 1978, kowace shekara kuma shaidu suna mutuwa, takardu suna ɓata.

Saboda haka nauyin ya hau kan sarakunan Hausawa da limamai, tun da su ne jama'a ke ji. Wajibi ne kowane sarki ya sa a rubuta kangayen unguwarsa, a nemo magada ta hannun dangi da masu unguwannin garuruwansu, a ba su wa'adi. Shari'a ba ta bar wannan ƙofa a rufe ba: abin da ba ya rabuwa sai a sayar a raba kuɗi, magajin da ke son riƙe gidan uba kuma yana da hakkin shufu'a, watau shi ya fi bare cancantar sayen rabon ɗan'uwansa. In akwai marayu ƙanana, a naɗa amintacce ya gyara ya ba da haya, ya rubuta shiga da fita. Kafin a kai ga haka, babu abin da zai hana maƙwabta su nemi izinin magada su share ciyawa, su buɗe kwata, su toshe ƙofa. Inda magada suka yi kunnen ƙashi, a kai maganar ofishin duba-gari na ƙaramar hukuma a rubuce, da sa hannun mutanen layin gaba ɗaya, a kuma ajiye kwafe guda a wurin sarki.