Na'urar awo tana mutuwa, gubar cikinta tana nan

Malaman kimiyya a lise sun san sandar gilashin nan da ake tsomawa cikin ruwa don auna tsami. Ma'aikatan asibiti kuma sun san ƙaramin gwangwanin da ke auna iskar oksijin. Dukansu da sinadari suke aiki: abin da ake aunawa ya taɓa sinadarin, lantarki kaɗan ya motsa, lamba ta fito. Muddin suna rufe, ba su da wata illa. Damuwata tana kan ranar da suka daina aiki.

Gwangwanin oksijin yakan ƙare cikin shekara 1 zuwa 2. A cikin da yawa daga irinsa akwai dalma, da wani ruwa ɗan'uwan sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, mai ƙona fata da makantar da ido. Na'urar gano hayaƙin gawayi da na janareta kuwa, yawanci ruwan batirin mota ne a cikinta. Tsofaffin sandunan da ake kira kalomel suna ɗauke da zaiba. In sandar ta fashe, zaibar takan watse ƙwaya-ƙwaya tana ƙyalli, yara kuwa ba sa ganin abu mai ƙyalli su wuce. Tururinta ba ya wari, kuma zafin watan Afrilu a Damagaram ƙara tayar da shi yake yi. Ƙwaƙwalwa da ƙoda yake taɓawa.

Wani zai ce ai ɗan kaɗan ne. Gaskiya ne, bai kama ƙafar abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda dalmar wurin haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400. Amma dalma taruwa take yi a jikin yaro, kuma jujin da ake jefa waɗannan kaya shi ne wurin da ƴaƴanmu ke tonon ƙarfen sayarwa.

Ni a ganina, kada daraktan makaranta ya karɓi kyautar kayan gwaji, ko daga Turai suka zo, sai da takardar da ke faɗin abin da ke ciki. Wadda ta mutu a sa ta cikin akwati mai kwado, a rubuta sunanta. In zaiba ta zube a aji, a fitar da ɗalibai, a buɗe tagogi, kada a sa tsintsiya. In ruwan na'ura ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har minti 15 kafin a kama hanyar asibiti.